Firi ko giya? Littafin gwajin da nake yi da motata a hanyar Jos zuwa Akwanga

Asabar, 4 ga Janairu 2025

To bismillah. Dalilin fara wannan rubutun musu ne ya haɗa ni da Kawu jiya da daddare, kuma ni dai na gaji da musun baki, gara a gwada a gani. Muna dawowa daga Bukuru na ga danja ta tsayar da mutane can gaba, sai na ɗaga ƙafa daga totur na bar motar a giya tana rage gudu da kanta, sai da na zo dab sannan na taka kuloci da birki. Kawu ya kalle ni yace "kai ɗan nan kana da rijiyar mai ne a gida? Sa ta a firi mana, zare giyar, ka ji yadda injin ke kuka yana shan mai." Nace Kawu ai ba ta shan komai a haka, yace shi ya yi shekara sama da ashirin yana jan Fijo 504 tun ban san hannuna na dama ba, kar in koya masa tuƙi. Na yi shiru don ba a ja da babba, amma abin ya tsaya min a rai.

Kuma gaskiya ba Kawu kaɗai ba ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya zama malamin tattali, a farkon 2025 ɗin nan lita ta kusa naira dubu, duk direban hayan da ka shiga motarsa da ya hango gangara sai ka ji ya zare giya, wasu har makulli suke murɗawa su kashe injin ɗungurungum. Ni aikina yana kai ni Abuja kusan duk bayan sati biyu, kenan Hawan Kibo, doguwar gangarar nan ta bayan Riyom, hanyata ce, sauka da hawa. Motar Corolla ce ta 2006, giyar hannu, injekta. Abin da nake son sani guda biyu ne kacal, wanne ya fi cin mai, kuma wanne ya fi cin birki.

Laraba, 8 ga Janairu

Ɗan abin da na yi oda ya iso. ELM327 sunansa, bai kai kwalin ashana biyu ba, ana soka shi a wani soket mai ƙofa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, shi ne OBD2 ɗin da masu sikanin mota suke jona na'urarsu. A Amurka tun 1996 aka wajabta wa motoci wannan soket, a Turai kuma masu fetur daga 2001, don haka yawancin tokumbon da muke hawa suna da shi. Yana haɗuwa da waya ta Bluetooth, na sauke manhajar Torque, sai ga motar tana faɗa min sirrinta, zafin ruwa, juyin injin, iskar da ke shiga, komai.

A silo, wato mota a kunne ba a taka totur ba, injin ya yi zafi, ba AC, juyin yana wasa tsakanin 700 da 800, man kuma yana nuna ƙasa da lita ɗaya a awa, wajen 0.7 haka. Da na kunna AC ya ɗan hau. Wannan shi ne abin da mota ke sha a firi, don firi ba komai ba ne illa silo a kan tafiya.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau kam na sha kunya a gaban kaina. Na fita da sassafe kafin titi ya cika, sanyin Jos na Janairu ba a magana, na hau hanyar Mararrabar Jama'a na kai 80 a giya ta biyar na saki totur, ina jiran in ga sifili a wajen shan mai. Ina! Lambar ma ta fi ta silo. Na sake, haka. Na sa a firi, ta sauko. Nace shikenan Kawu ya ci ni, har na fara tunanin yadda zan je in ba shi haƙuri.

Sai da na dawo gida na zauna da shayi na yi ta bincike sannan na gane inda gizo ke saƙar. Manhajar ba man take aunawa ba, iskar da ke shiga injin take gani, sai ta yi lissafi da kanta ta ce tunda iska kaza ta shiga to mai kaza ya shiga. Ba ta san biren bos, wato kwamfutar motar, ya rufe nozul ɗin da ke fesa mai ba. Kenan lissafinta na tafiya daidai ne muddin ana feshin mai, da an daina sai ta ci gaba da ƙirga man da babu shi. Abin da ya kamata in kalla shi ne sensar da ke jikin salansa, wadda ke shinshinar hayaƙi, da kuma layin da ke faɗin halin da tsarin mai yake ciki.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na koma. Wannan karon ƙanina ne ya riƙe wayar don jiya ma ganganci na yi, tuƙi da kallon waya. Ina sakin totur a giya, bayan kamar daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai lambar sensar ta faɗo ƙasa warwas kusan sifili ta kwanta a can, ma'ana iska zalla ce ke fita ta salansa, ba a ƙona komai. Ta zauna a haka har sai da allurar juyi ta sauko wajen dubu ɗaya da ɗan wani abu, sai na ji wani ɗan motsi kaɗan a jikin motar, kamar an saki igiya, lambar ta farka ta ci gaba da rawa. Nan ne biren bos ya dawo da mai don kar injin ya mutu. Na sa a firi, lambar ba ta taɓa kwanciya ba, rawa take yi tun daga farko har ƙarshe.

To ga abin a taƙaice yadda na fahimce shi. A giya, tayoyi ne ke juya injin, don haka ba ya buƙatar mai, sai a yanke. A firi an raba shi da tayoyi, dole a ba shi abinci ya riƙe kansa. Kukan da Kawu ke ji ba na shan mai ba ne, fistin ne ke ta jan iska ta maƙogwaron da aka rufe, kamar ka toshe bakin sirinji da yatsa ka ja, wannan wahalar jan ita ce ke riƙe motar.

Juma'a, 17 ga Janairu

Bayan masallaci na biya gareji wajen bakanikena, dattijo ne, tun zamanin kabireto yake sana'ar. Na ba shi labari yana ta dariya, yace "Alhaji ai kawunka bai yi ƙarya ba, lokacinsa ne ya wuce." Ya ɗauko wani tsohon kabireto daga cikin tarkace ya nuna min wani ɗan rami ƙanƙani a ƙasan faifan totur, yace wannan na silo ne, kuma shi ba shi da ƙwaƙwalwa, duk lokacin da injin ya ja iska sai mai ya biyo, ko ka taka ko ba ka taka ba. Kenan a 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, idan ka bar ta a giya a gangara tana shan mai ɗinta, har wani lokacin ka ji salansa na tas tas. Mutanen da suka koyi mota a wannan zamanin da gaskiyarsu ta fannin mai, su suka koya wa yaran mota, yaran suka zama direbobi, aka canza motoci amma ba a canza karatu ba.

Wannan ya sa na ji sauƙi wlh, don ban so ace in je in ce wa Kawu duk shekarun nan a banza ya yi.

Na ce ya duba min birki tunda ranar Litinin zan sauka. Fad na gaba da saura. Amma man birkin ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a wuta, ya tambaye ni yaushe rabon da a canza, nace tun da na sayi motar ƙari kawai nake yi. Ya riƙe baki. Yace man birki yana shan danshi daga iska, a hankali a hankali. Na duba daga baya, man birki nau'in DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa 140, DOT 4 kuma 230 da 155. Idan ya tafasa ya zama tururi a cikin fayif, kana taka feda sai ta tafi ƙasa salin alin, don tururi matsuwa yake yi ba ya tura komai. Muka zubar da tsohon gaba ɗaya aka sa sabo aka cire iska.

Litinin, 20 ga Janairu

Hawan Kibo, sauka ta farko. Ga wanda bai san wajen ba, Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, kana wuce Riyom sai hanya ta fara zubowa daga kan dutsen tana lanƙwasa, ga tireloli da tankoki suna rarrafe, ga gawarwakin motoci a gefe da ba sai an yi maka wa'azi ba. Na yi niyyar in yi rabin farko a firi don kwatance, in tsaya, sannan in ƙarasa a giya.

Ban kai rabin ba na fasa. Ina zare giya motar ta zama kamar an sake ta daga mari, shiru, daɗi, amma gudu sai ƙaruwa yake, ƙafata ba ta bar kan birki ba ko na daƙiƙa biyar, kuma a kwana sai in ji ta tana son buɗewa waje, babu wannan riƙon da kake ji idan injin na haɗe da taya. Da na samu fili na faka na fito, tun kafin in sunkuya warin ya tare ni, irin na fad ɗin da ya ƙone, na kai hannu kusa da rim na gaba ban taɓa ba na janye. Wani mai tirela da ya faka a gaba yana sa wa tayarsa dutse ya ce in zuba ruwa, nace a'a na gode, bakanike ya taɓa gaya min ruwan sanyi kan diski mai zafi yana iya lanƙwasa shi, daga nan kullum ka taka birki sitiyari ya riƙa karkarwa. Na zauna minti ashirin na ci ayaba.

Sauran na yi shi a giya ta uku. Juyi ya hau wajen 3,000, injin na gurnani, motar ta tsaya a gudu ɗaya kamar an ɗaure ta, sai dai in ɗan taɓa birki kafin kwana in saki. Inda ya fi tsayi na sa ta biyu. Ƙanina yana kallon waya yana cewa "Yaya har yanzu sifili, har yanzu sifili." A ƙasa wajen Forest na sake fitowa, da ɗumi amma ba wari.

Talata, 21 ga Janairu, Abuja

Na kasa barci a masauki sai na hau lissafi. A ce mota da mutane da kaya kilo 1,400, a ce ta sauko tsayin mita 300, misali kawai na ɗauka. Ƙarfin da za a kashe ya haura jul miliyan 4, wato zafin da zai ɗauki ruwa lita 13 daga sanyin randa ya kai shi tafasa. A firi mafi yawan wannan zafin a kan diski biyu na gaba da ɗan abin da na baya suka taimaka zai sauka, ƙarafan da ba su fi faranti ba. A giya kuwa injin ya karɓi kaso mai yawa, shi kuma yana da lagireto da ruwa da fanka da salansa, an gina shi don zubar da zafi.

Ta fannin mai kuma abin dariya ne. Minti goma a firi a kan 0.7 a awa bai wuce 0.12 na lita ba, kuɗin bai kai naira 150 ba. Kuma wannan ba abin da ka tara ba ne, abin da ka ƙona ne, wanda ya bar ta a giya ko wannan bai ƙona ba. Ko da ma ace ribar ce, wa zai sayar da birkinsa a kan kuɗin fiya wata leda uku.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kwana goma ban rubuta komai ba, mura ta kwantar da ni. Amma akwai abin da dole in faɗa don adalci, tunda na ce gwaji nake yi ba kamfen ba.

Tsakanin Akwanga da Keffi akwai wurare masu 'yar gangara mai laushi, doguwa, wadda ba ka buƙatar rage gudu. A nan idan na saki totur a giya ta biyar, eh mai ya yanke, amma motar tana rage gudu da sauri, kafin in kai ƙasa dole in sake taka totur. A firi kuwa sai ta yi ta sulalewa har ta haye ɗan tudun gaba. Kenan a irin wannan wajen firi na iya fin tattali, don man silon da ka ƙona bai kai gudun da injin ya cinye maka ba. Shi ya sa ma wasu sababbin motocin Turai masu giyar otomatik suke raba injin da taya da kansu a irin wannan yanayin, amma su kwamfuta ce ke yi, kana taɓa birki ko totur ta mayar kafin ƙiftawar ido. Ni da hannuna da ƙafata ba zan kai wannan saurin ba ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo min titi ina buƙatar in fizgi mota in kauce.

Don haka maganar ba wai giya ta fi firi a ko'ina ba ce. Idan dai za ka rage gudu ko za ka tsaya ko gangarar mai tsayi ce, giya ta ci ta ko'ina, mai da birki. Idan sulalewa kake so a fili, firi na da ɗan abin da za ta ba ka, ɗan kaɗan, ni dai na ga bai kai in saba wa hannuna da zare giya ba. A Ingila ƙa'ida ta 122 a littafin dokokin hanyarsu ta yi gargaɗi a kan haka, ta ce yana rage wa direba iko da mota, a jihar Kalifoniya ta Amurka ma doka ce ta hana saukar gangara a firi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na yi wauta yau, bari in rubuta don kar in manta. Daɗin abin ya ɗebe ni na fara sauke giya ɗaya bayan ɗaya a cikin gari, biyar huɗu uku biyu, a kowace danja, kamar mai tseren mota. Wajen Terminus na saki kuloci da sauri a ta biyu, motar ta yi wani tsalle gaba ta dunƙule, mai keke Napep ɗin da ke bayana saura ƙiris ya shige min but, ya zagayo yana ta faɗa kuma da gaskiyarsa, don wutar birkina ba ta kama ba, ta ina zai san ina tsayawa? Na ba shi haƙuri.

Bakanike yace in daina wannan, fad ya fi kuloci araha nesa ba kusa ba, kuma canza fad aikin minti talatin ne, kuloci kuwa sai an sauke giyabos. A gari abin da ya isa shi ne ka bar ta a giyar da take, ka taka birki a hankali, in juyi ya kusa dubu ka taka kuloci. Sauke giya na gangara ne, kuma tun daga sama ake sa ta kafin mota ta ɗauki gudu, tsofaffin direbobi na cewa giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka. In za ka sauke a kan tafiya ka ɗan taɓa totur kafin ka saki kuloci don juyin ya haɗu. Ya kuma ja min kunne kan jefa ta biyu a gudu mai yawa, yace a nan biren bos ba zai cece ka ba tunda taya ce ke juya injin, allura za ta wuce ja, bawul ya gaisa da fistin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwajin kashe injin. Wannan ban yi shi a titi ba kuma ba zan yi ba, a wani fili muka yi da ba kowa, a gudun da bai wuce na keke ba. Na kashe, na taka birki, na farko lafiya, na biyu da ɗan tauri, na uku kamar na taka dutse. Baƙar tukunyar nan da ke bayan masta, mai ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen taka birki, da iskar da injin ke ja take aiki, injin ya mutu, ajiyar ta ƙare a taku biyu uku. Sitiyari ma ya yi nauyi. Kuma in tsautsayi ya sa ka murɗa makullin ya wuce har ƙarshe sitiyarin na iya kullewa. Yanzu in na tuna sau nawa na zauna a motar haya direba ya yi mana haka a gangara muna ta hira sai jikina ya yi sanyi.

Wani abokina mai jan tirela ya ƙara min wani abu, su injin dizal ba shi da wannan faifan totur ɗin da ke toshe iska, don haka riƙonsa ba shi da ƙarfi in aka kwatanta da nauyin da yake ja, shi ya sa ake sa musu birkin salansa ko wanda ake kira Jake, mai ƙarar nan ta tatatata da kake ji in suna sauka. Yace su kuma in ka yi ta taka birki iskar tanki ce ke raguwa ga dorom ya yi zafi, kuma babbar mota in ta ɗauki gudu a firi giyar ma ba lallai ta yarda ta shiga ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na tafi da Kawu Akwanga ɗaurin aure, shi ne a gaba, na miƙa masa wayar nace Kawu ka riƙe min wannan ka kalli lambar nan. Muka sauka Kibo a ta uku. Ya kalli waya, ya kalli allura, ya sake kallon waya. Can yace "to wa ya ce maka wayar ba ƙarya take yi ba?" Nace ai shi ya sa za mu tsaya a ƙasa ka ji tayar da hannunka. Ya fito ya kai hannu, ya shinshina, bai ce komai ba ya koma ya zauna. Sai da muka wuce Gwantu yace ai shi ma a Kibo bai taɓa sa 504 a firi ba, wa zai yi wannan haukan, shi maganar cikin gari yake yi. Nace haka ne Kawu.

A dawowa na ba shi tuƙin daga Riyom, muna zuwa danjar farko ya zare giya tun daga nesa.

Abin da ya rage min, ina son in cika tanki in yi sati biyu cur ba firi, in sake cikawa in yi sati biyu yadda na saba da, a famfo ɗaya a gidan mai ɗaya, in ga ko bambancin zai fito a lita ko zai ɓace cikin go-sulo da AC. Azumi na shigowa ƙarshen satin nan, zirga-zirgata za ta canza, don haka inaga sai bayan sallah. Matata kuma ta ce in gwada tata mai otomatik, wai ita tunda ta sayi motar ba ta taɓa sanin amfanin 2 da L ɗin da ke ƙasan D ba.